Jiƙaƙƙen Buhu a Kan Kwamfutata

Yayana bai taɓa ganin inji ya kama bakinsa ba. Makanikin injin ban ruwa ne a Zauro, kuma tun da manoman shinkafa suka fara ce masa injiniya kansa ya kumbura, har ya ɗauka duk abin da ke da waya da fanka a duniyar nan ƙanen injin ban ruwa ne. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma jininmu bai taɓa haɗuwa ba. Ba na son halinsa, shi ma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoye raina ni da yake yi ba.

Da mijina ya rasu, ya bar ni da ɗakuna biyu a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, da kyamara, da wata tsohuwar kwamfutar tebur da yake haɗa hotunan biki da ita. Ranar da na fita takaba yayana ya zo ya ce in tattara in koma gida. Na ce ina da sana'a. Ya dubi kwamfutar, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa.

"Wanga gwangwani za ki ci?"

"Shi za ni ci, Yaya," na ce, "kuma ba ni zuwa roƙon hatsi ƙohwar kowa."

Sana'ar tawa ita ce ɗaukar bikin mata. Akwai gidaje a Birnin Kebbi da Argungu da ba su yarda namiji ya shiga inda matansu suka ajiye mayafi suna rawa, ba su kuma yarda ya gani daga baya a shagon masu haɗa bidiyo. Ni nake ɗauka, ni nake yankewa in haɗa, ni nake miƙa wa uwar amarya hannu da hannu. Daga kyamara har ya isa gare ta, idon namiji ba ya sauka a kai. Ban fi kowa iya ɗauka ba, kyamarar ma ta tsufa. Wannan alkawarin kaɗai nake sayarwa, kuma ranar da ya karye, ranar zan koma Zauro in zauna ƙarƙashin yayana.

Matsalata ita ce nawar kwamfutar. In na gama yanke bidiyon awa ɗaya na ce ta fitar da shi, sai ta kwashe yini cur tana nishi. Wutar layi ba abin dogaro ba ce a unguwarmu, da sola nake aiki, batirin kuwa ya gaji, rana na karkata yake sallama. Sau da yawa aiki ya kai kusan ƙarshe, la'asar ta yi, komai ya mutu, gobe a sake daga farko. Sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfina. A waya na ga wasu mutane suna nuna yadda ake ƙara wa furosesa gudu, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, a sa ta yi sauri fiye da yadda masu ƙera ta suka saita. Na yi ta kallo ina maimaitawa har na haddace inda hannunsu ke zuwa, don ba duk Turancin nake kamawa ba.

Abin ba wuyar farawa. Kina kunna ta ki yi ta danna maɓalli ɗaya har wani shuɗin shafi ya buɗe, bayos sunansa, can ne lambobin gudun suke. Tawa tana kan biyu da ɗigo huɗu. Ranar farko zumuɗi ya ɗebe ni na cilla ta uku da rabi, na ajiye, na sake kunnawa. Fanka ta juya, allo baƙi ƙirin, ko ƙyaftawa babu. Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai, na ce shi ke nan, na kashe abin da marigayi ya bari, yayana ya samu abin dariya na shekara. Sai da na share hawaye na tuna da ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke manne a madabod, babban falankin da komai ke kansa. Na zare shi da tsinken kitso, na jira, na mayar. Ta farfaɗo kamar ba abin da ya faru.

Daga nan na koyi hankali. Kullum da hantsi in ƙara lamba kaɗan, in kunna manhajar da ke matsa wa furosesa lamba, in zuba wa ma'aunin zafi ido. In allo ya yi shuɗi ta mutu, in ƙara mata wuta ɗan mitsitsi, taki ɗaya tak, in sake gwadawa. In zafi ya haura abin da na yarda da shi, in ja da baya. A bayan wata tsohuwar kalanda nake rubuta kowace lamba da abin da ta haifar. Na sha fama kwana huɗu ina zargin furosesa, ashe ram ce, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, ke bin gudun tana tuntuɓe, sai da na sassauta mata ita kaɗai. Na goge busasshen man da ke kan furosesa na shafa sabo kamar ƙwayar gero, na sayo babban ƙarfen sanyaya na hannu a kasuwa, mai shagon yana tambayata ko maigida ne ya aiko ni.

A lokacin sanyi na kai ta uku da ɗigo biyu, na ɗauka na gama. Bazara na shigowa ta nuna mini ban san Kebbi ba. Ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da kwanon ɗaki ke ƙara don zafi, sai ta tsaya cak. Dole na sauko zuwa uku daidai, na cire murfin gefe ɗaya gaba ɗaya, na kafa mata fankar tsaye tana hura cikinta. Na sa wa kaina doka: sai ta yi awa takwas tana gwaji a tsakiyar rana ba ta faɗi ba, kwana uku a jere, sannan in amince mata da bikin mutane. Ta yi. Aikin da ke kai ni la'asar ya koma ƙarewa jim kaɗan bayan azahar. Ban taɓa alfahari da wani abu da hannuna ya yi kamar wannan ba, kuma ban gaya wa kowa ba, don babu wanda zai gane.

A cikin wannan bazarar aka kira ni biki Argungu, gidan wata Hajiya mai faɗa a ji a cikin matan garin, irin wadda in ta yabe ki an gama, in ta kushe ki ma an gama. Ranar Alhamis na ɗauki kamu. Matan gidan sun sake sosai, har tsofaffi sun tashi sun taka, don an ce musu mace ce ke riƙe da kyamara. Hajiya ta ja ni gefe ta ce tana son na kamun ya fito kafin Asabar, a kalle shi kafin a tafi da amarya. Da yamma na dawo gida na juye komai a faifan ajiyar kwamfuta, na goge katin kyamara, don shi ke nan gare ni kuma gobe akwai yinin biki. Da safe na yi yanke-yanken da ya sawwaƙa, na sa ta fara fitarwa, na kashe allo.

Ina saka takalmi sai ga sallamar yayana. Ya shigo gari sayen kayan inji, zai tsaya Juma'a, yana son inda zai miƙe bayan masallaci. Raina bai so ba, amma ba a hana wa babban wa inuwa. Na shimfiɗa masa tabarma a ɗakin waje, na nuna masa ɗayar ƙofar.

"Yaya, wanga ɗaki akwai aikin mutane ciki. Don Allah kada ka shiga."

"Mi za ni ɗauka cikin tarkacenki?" ya ce. "Tahi abinki."

Kuskurena shi ne ban sa kwaɗo ba. Na ji nauyin in kulle ɗaki a gaban idonsa kamar na ce masa ɓarawo.

Na dawo gab da magariba, ƙafafuna sun kumbura da tsayuwa. Tun daga tsakar gida na ji shiru, babu kukan fankar ciki, sai wani wari kamar an ƙona roba. Na tura ƙofa. Buhun albasa ne, irin na algarara, jiƙe sharkaf, an lulluɓe kwamfutar da shi tun daga sama har gefen da na buɗe, bakinsa ya leƙa ciki yana ɗiga a kan madabod. Ga bokitina a gefe da kofi a ciki, alamar ba sau ɗaya aka ƙara ruwa ba. Yayana yana zaune a tsakar gida yana yanke farce.

"Yaya, mi kay yi?"

"Gyara niy yi maki," ya ce, ko kai bai ɗaga ba. "Ina kwance nij ji ta tana kuka. Nit taɓa, wuta! Ke ba ki san inji ba. In yay yi zahi haka, jiƙaƙƙen buhu aka aza mai. Haka muka yi ma injin ruwa tun ba ki san hanyar gona ba."

"Wagga injin ruwa ta? Ka ga tiyo jikinta?"

"Inji dut inji na. Ai ga ta nan ta yi shiru, ta huta."

"Ta mutu, Yaya! Kashe ta kay yi!"

Sai a lokacin ya ɗago. Na ga ya gane, na ga abin ya ratsa shi, amma girman kai ya riga shi zuwa baki. Ya ce dama wa ya ce in matsa wa tsohon abu, inji in an ba shi abin da ya fi ƙarfinsa mutuwa yake yi, da buhu ko ba buhu. Wannan maganar ta fi ruwan ƙona mini rai. Sati shida ina lallaɓa ta taki-taki, shi ya zo da sanin shanu ya gama da ita tsakanin Juma'a da la'asar, sannan ya ɗora mini laifin. Na faɗa masa maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa wanta. Na ce ya fita mini daga gida. Ya naɗe kayan injinsa ya fita, yana cewa zan neme shi.

Madabod ta tafi, wannan ban yi musu ba. Fatana faifan ajiya. Da sassafe na ciro shi na share ruwan jikinsa, na aro kwamfutar tafi-da-gidanka wurin wata malamar makaranta maƙwabciyata, na haɗa da waya. Ya juya, ya yi ƙas-ƙas, bai nuna komai ba. Na kai shi wurin mai gyaran da ya fi kowa suna a kasuwa. Ya saurara da kunne, ya ce akwai yiwuwar a ceto abin da ke ciki, amma sai na bar masa shi kwana uku, kuma dole ya riƙa buɗe abin da ya fito ɗaya bayan ɗaya don ya tabbatar ba a lalace yake ba. Shagon cike da maza, wasu ma ba aikin komai suke yi ba, fanka suka zo sha. Na ce ya koya mini in yi da kaina a gida. Ya yi dariya, ya ce na'urar ba ta fita shago.

Na tsaya a bakin shagon da faifan a hannu, na daɗe. Babu wanda zai sani, haka zuciyata ta yi ta faɗa mini. Amma na ga yadda tsofaffin nan suka cire kallabi, na kuma san bakin 'yan kasuwa. Na sa shi a jaka na nufi tasha.

Hajiya tana tsakar gida ana ɗaure kayan amarya lokacin da na isa. Na durƙusa na gaya mata komai, ban rage ba, har da buhun. Ba ta tambayi yadda za a yi da kallon ba, ba ta ce sannu ba.

"Namiji ya shiga ɗakin da hoton ɗiyana yake?"

"Allon a kashe yake, Hajiya. Bai ga komi ba."

"Ke kinka ce. Shi mai gyaran hwa?"

"Ban ba shi ba. Ga shi nan cikin jakata."

"Yau ba ki ba shi ba," ta ce. "Gobe in yunwa ta kama ki hwa? Kawo shi nan."

Na ce mata ba bikinta kaɗai ke ciki ba, akwai nawa abubuwan, na shekaru. Ta miƙo hannu kawai, ba ta sauke ba. Na duba fuskokin matan, rabinsu na taɓa yi musu aiki, sauran kuma 'ya'yansu na tafe. Kowacce jira take ta ga abin da zan yi. Na buɗe jaka na ba ta.

Ta sa aka jawo turmi. Ta jefa faifan a ciki, ta ɗauki taɓarya da kanta, duk da shekarunta. Ƙarfe ne, bai fashe da wuri ba, sai da ta yi ta kirɓa tana hutawa, ni kuwa ina durƙushe ina ji. Da ta gama ta leƙa ciki, ta jingine taɓaryar, ta juya wurin matan.

"Wagga ɗiya ta riƙe amana," ta ce. "Ku ba ta ruwa ta sha."

Aka kawo mini ruwa a kofin silba. Na karɓa, idona na kan turmin, na kasa kai shi baki.