Rinin da Muka Roƙa Ya Koɗe

Mahaifina marini ne, kuma a iya sanina bai taɓa yabon launin da ba shi ya rina ba. Idan Umma ta sayo atamfa a Ƙofar Wambai, sai ya murza bakin zanen da yatsu biyu ya ce, "Wanki ɗaya zai zuba." Shekara arba'in a karofi ta mai da hannayensa shuɗi har gwiwar hannu, sabulu ma ya haƙura da su. Ina ƙarama a Shahuci, na zaci duk uban kirki haka hannunsa yake.

Wata Laraba da hantsi ya dawo gida dafe da ƙeya. Ya ce ji yake kamar masu bugun shadda sun mai da kansa gungumensu. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya yarda yana yi! Ya yi amai, wuyansa ya sanƙare, kafin mu isa asibiti ya daina amsa mana.

Wata matashiyar likita ce ta karɓe mu. Tana kama hannunsa ta zaro ido, ta ce a kawo oksijin maza, ya fara komawa shuɗi.

Umma tana kuka ta ce, "Likita, baba ne."

"Na san Baba ne, Hajiya, shi ya sa nake sauri."

"A'a, baban rini!"

Ko na'urar da ake maƙala wa yatsa kasa karanta shi ta yi, sai a kunne aka maƙala masa.

Hoton kai ya nuna wata jijiyar jini ce ta yi rauni, ta kumbura, ta fashe. Aka yi aiki aka toshe ta, aka bar wani siririn tiyo daga kansa zuwa wata leda a gefen gado. Likitar ta yi mana bayani: akwai ruwan da ƙwaƙwalwa da laka suke kwance a ciki, mai lafiya garau yake kamar ruwan randa. Na Baba ya gauraya da jini. Ta ce jinin da ya kwana a ruwan shi ne fitinar, domin yana lalacewa yana tayar da kumburi da zazzaɓi, yana iya sa jijiyoyi su tsuke. Na tambaye ta ko zai farfaɗo da hankalinsa. Ta ce mu dai yi ta addu'a. Raina ya ɓaci da amsar nan, amma ba ta da wata.

Ledar nan ta zama abin kallonmu. Duk lokacin ziyara, Umma kan duba ta kafin ta dubi mijinta. Ranar farko zoɓo ne sak. Bayan kwana huɗu ta ce ya koma shayi ba madara. Matar marini guda, wadda ta ƙare rayuwarta tana jin addu'ar Allah Ya sa rini ya kama, ga ta tana roƙon ya koɗe.

A kwana na bakwai zazzaɓi ya rufe shi. Ya buɗe ido, ya kira ni da sunan yayarsa da ta rasu tun ban yi wayo ba. Sannan ya dubi zanen Umma, wata atamfa kore da ruwan goro, ya yi murmushi ya ce, "Kai, wannan ya yi kyau."

Umma ta ja ni waje. "Kin ji? Wannan ba shi ba ne."

Shekara talatin tana jiran yabon nan, da ya zo kuma sai ya fi komai tsorata ta. Ni ma tsoron ya kama ni. Na ji tsoron mu koma gida da wani dattijo mai daɗin baki wanda bai san mu ba.

Ruwan ya ci gaba da washewa, ya koma ruwan tsamiya, ya koma rawaya fayau. Zazzaɓin ya sauka. Hannayensa ma suka fara koɗewa, na ga fatar mahaifina ta ainihi karo na farko, ban kuwa so ta ba.

Ranar da ya cika mako biyu, muka same shi a jingine da matashi yana harare ledar.

Ya ce, "Wannan aikin wane ne?"

Na ce, "Naka ne, Baba. Daga kanka yake fitowa."

Ya taɓe baki. "Ko kaɗan bai kama ba."

Sai ya kira ni da sunana, ya ce in matsa ina tare masa haske. Umma ta matso, da atamfar nan dai a jikinta. Ya miƙa yatsu biyu da ƙyar, ya murza bakin zanen.

"Wannan ma wanki ɗaya zai zuba."

Umma ta ce, "Sau bakwai na wanke shi, Malam." Ta riƙe hannun nan gam, ta fashe da kuka. "Amma ƙara faɗi in ji."