Nambewe Mai Shanyar Ganye

Tun tana amarya a garin Dedza, Nambewe ba ta barin damina ta wuce ba ta cika tabarmi da ganye ba. Ganyen kabewa, na wake, yankakkiyar kuɓewa, sai ta sulala su, ta shanya, ta ƙulle ta rataye saman murhu.

Mijinta Gwaza mahauci ne, ganye bai dame shi ba.

"Ni dai akuya aka aura mini," haka yake tsokanarta.

Wani rani, tuwon masara da gasasshen nama suka ɗaure masa ciki tamau, ya wuni yana nishi, ko kasuwa bai leƙa ba. Ta jiƙa ganyen kabewa, ta dafa da dakakkiyar gyaɗa, ta yanka masa gwanda. Washegari ya fito daga bayan gida yana fito.

Yanzu duk sun yi furfura. Shi ke zaman gadin shanyar da sanda, yana korar awaki.

"Ƙyale su mana, baban Tadala," in ji ta, "ai dangina ne."

"Su yi haƙuri," ya ce. "Surukinsu ya riga su."