Teburan Inna Hermelinda

Inna Hermelinda Pilco 'yar kan tsauni ce, daga wani ƙauye kusa da Guaranda. Tana da shekara ashirin da uku ta auri ƙanen babana, Baffa Wilfrido, direban motar haya, ya kawo ta garinmu Portoviejo.

Ranar da ta fara shiga kicin, ta yi abin da ta fi iyawa, wato faten dankali da cuku, ta yanka fiya a kai. Baffa ya share kwano biyu, ya ajiye cokali, ya naɗe hannu.

"Me kake jira?" in ji ta.

"Abinci mana."

"Wanda ka ci fa? Ruwan wanka ne?"

"Ai wannan buɗe baki ne. Ina shinkafa?"

Ba wulaƙanci yake yi ba. Mu mutanen bakin teku, in ba mu ga shinkafa ba, da yunwa muke tashi. Kakarmu Clemencia ce ta ja ta a jiki, ta koya mata soya ɗanyen agade a kirɓa shi da cuku a cura don karin kumallo, da miyar kifi mai gyaɗa.

"Ƙara gyaɗa, 'yar tsauni," Kaka kan ce. "Ko cizo take yi?"

Sai da ta shekara uku kafin Kaka ta ɗanɗana miyarta ta rasa abin gyara.

Bayan an haifi 'yarsu Marilú, motar Baffa ta kife a hanyar Manta, ƙafarsa ta karye, tuƙi ya gagara. Inna ta fitar da tebur biyu ƙofar gida, ta fara sayar da abincin rana yadda kowa ya saba: romo tukuna, sannan shinkafa da wake da soyayyen kifi, da kofin lemo. Baffa na zaune yana ɓare agade.

Amma ran Alhamis, faten dankali take yi a maimakon romo, kowa ya so ko ya ƙi. Don Aurelio tela, maƙwabcinsu, in ya leƙa tukunya sai ya ce, "Uwargida, laifin me muka yi kuma?"

Ita kuma ta ce, "Ci ka yi ƙiba, allura ma ta fi ka kauri."

Ana nan sai fataken albasa da karas masu saukowa daga tsauni suka ji labari. Daga nan, duk Alhamis sai an aro benci.

Shekarar da girgizar ƙasa ta rushe tsakiyar gari, bangon kicin ɗin Inna ya faɗi. Washegari ta tono tukwane biyu daga ɓaraguzai, ta haɗa murhu da bulo a kan titi. Mai shinkafa ya kawo, mai rogo ya kawo, wata ta zo da kaji uku da suka tsira. Kwana tara unguwa na ci daga wurinta, ba ta tambayi kowa daga ina yake ba.

Baffa ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Yanzu gwiwa ta hana Inna tsayuwa, Marilú ce ke girki, teburan sun zama shida. Ƙarfe sha ɗaya da rabi ake kai wa Inna cokali ta ɗanɗana, kuma ba a zuba wa kowa sai ta gyaɗa kai.