Jar Motar Abu Arwa

A unguwar Shisha, can ƙasa mai tsarki, kowa ya san ranar da tsohuwar bas ta alhazai ta wuce jar motar Abu Arwa a hawan tudu. Motar kuwa 'yar Amurka ce, kaɗan aka ƙera irinta, wai an ƙara wa injin ƙarfi.

Ga shi a gareji, farar jallabiyarsa duk baƙin mai, zama ya gagare shi. Ya taka totur, ya saurara, ya fito ya zagaya ta. Ruri kamar zaki, gudu sai a hankali. Da alama ya riga ya cika baki a majalisa.

"Abu Arwa," in ji makaniki, "ko in ɗora maka injin bas ɗin?"

"Ya shekh, baƙin Allah ne a ciki. Ni zan sha gabansu?"