Azurfar Kitson Hajo

Kukan azurfa ne a kan siminti ya tayar da tafiyar nan. Na jawo akwati daga ƙarƙashin gado zan ɗauki mayafi, gwangwanin kuɗina ya kife, wani abu ya faɗo yana ƙara siririya. Wanda ya san azurfa ya san ba ta faɗuwa ta yi gum kamar ƙarfe, sai ta ja murya. Na durƙusa na laluba, hannuna ya sauka a kan jerin kuɗin kitson Hajo. 

Ni mai tara tsofaffin kuɗi ce. Ba sana'a ba, sha'awa ce kawai. Ranar da na gama sakandare mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, ya ba ni sulen azurfa na zamanin Turawa, daga nan abin ya shige ni. Yanzu ina da fataka, da riyal ɗin Makka, da dalar Faransa da ta tsallako daga Damagaram, da ɗan zinare ƙwaya ɗaya da mahaifiyata ta zo da shi daga Hajji. Maigidana yakan ce ni ce attajirar da kuɗinta ba sa sayen gishiri.

Hajo kuwa Bafulatana ce mai kawo mana nono duk mako daga wata ruga a bayan Gagarawa Tasha. Ni jinin Barebari ce, don haka ba ma gaisawa sai da tsiya. "Baiwata, kawo ruwa!" in ji ta tun daga zaure. Ni kuma in ce baiwa ita ce mai ɗauko ƙwarya a ka ta kawo wa uwargijiyarta. A kitsonta akwai jerin kuɗin azurfa, kowanne an yi masa kunne an zura igiyar fata. Na tsakiyar liyari ne, babban nan mai hoton wata mace mai ƙiba, irin wanda na daɗe ina nema.

Dab da faɗuwar damina ta zo da tsohon ciki, kanta ba ko ɗaya. Ta kwance bakin zani ta damƙa mini su.

"Ke ba kya narkarwa, na sani. Na 'yata Dija ne, tun ranar sunanta na ba ta. Shanu sun ƙare, idon babanta ya fara tsayawa a kaina. Ba mugu ba ne, babu ce. Bayan kaka zan karɓa."

Ga shi gero ya shiga rumbu, Hajo shiru. Da na nuna wa maigidana Malam, sai ya ce, "In kika faɗi yau, 'ya'yanki za su raba wannan cikin gado, su ci haram ba su sani ba. Ki shirya. Sabi'u ya raka ki." Sabi'u ƙanena ne, magidanci, tela a kasuwar Gumel.

Talata: Gagarawa Tasha

Muna idar da sallar asuba muka fita. Keke Napep ya kai mu tasha, jerin yana ɗaure a ƙuguna cikin tsumma. Motar Gagarawa ba ta cika ba sai da rana ta fito, kuɗin mota kuma ya kusa ninka na bara. Direban da ya ji inda za mu ya waiwayo.

"Hajiya, ruga za ki nema bayan kaka? Ai gara ki nemi inuwar jiya."

"Kai dai ja mota," in ji Sabi'u, "inuwar jiya ma in amana ce a nemo ta."

Hanya duk riɗi ne an yanke an jingina shi tsaye yana shan rana, mata kuma a bakin gonaki suna ɓarar zoɓo, yatsunsu jajir. Da hantsi muka sauka. Muka karya da ƙosai da koko a kusa da layin dogo, ɗan acaɓa ya ɗauke ni, wani ya ɗauki Sabi'u, muka nutsa cikin yashi.

Mun sami wurin, amma ba kowa. Sai da'irar bukkoki a ƙasa, da turaku, da duwatsun murhu, da wata fasasshiyar ƙwarya da tururuwa suka mayar gida. Wani dattijo da ke kakkaɓe riɗi a gonar kusa ya ce sun tashi tun kafin ruwa ya ɗauke, sun watse.

"An yi musu rasuwa a tsakiyar damina. Mace ce. Amma kada in yi ƙarya, ban san wacce ba. Wasunsu sun yi yamma, wajen Ɗanzomo."

Na ce a raina mata da yawa ne a ruga. Duk hanyar dawowa abin da nake ta maimaitawa ke nan, har na ji kunyar kaina, don kowacce ce ai 'yar wani ce.

Ɗanzomo

Sai da muka koma ta Gumel muka canza mota. Ban biya gida ba, don na san in na ga yara ba zan sake fita ba. Bayan la'asar muka isa gidan Iya Ladi, ƙanwar mahaifiyarmu. Ta yi mana tuwon gero da miyar kuka, ta yi ta faɗan na rame, ta ce wa Sabi'u tun da ya yi aure ya manta hanyar Ɗanzomo sai da Fulani suka tuna masa.

Da safe ta aika aka kira mata masu nono. Ta ukun da ta shigo, wata doguwa, tana jin sunan Hajo da na Dija sai ta sauke ƙwaryarta a hankali ta zauna a ƙasa.

"Ke ce Babarbariyar Gumel? Tana yawan zancenki. Hajo ta riga mu. Haihuwa ce ta zo da gardama, ruwa ya cinye hanya, ba a sami fita da ita ba. Da ita da ɗan duka."

Na yi salati. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, a makonnin nan har mita na yi, na ce Hajo ta sami wata mai sayen nono ta yar da ni.

Matar ta ce baban Dija ya bi shanun wani Alhaji kudu, kiwon haya. Yarinyar tana hannun kakarta, uwar Hajo, sun yi arewa. Ko Sule Tankarkar, ko gaba.

Laraba: Sule Tankarkar

Motar a-kori-kura muka samu, ni a gaba, Sabi'u a baya kan buhunan zoɓo. Da muka sauka farar rigarsa ta koma ja, ya ce in matarsa ta tambaya ni zan yi bayani. Na yi dariya, hawaye suka biyo ta.

Mun sauka gidan Rabi, ƙawata tun sakandare, malamar firamare ce yanzu. Sabi'u da mijinta suka zaga wajen masu nono da mahauta. Ba wanda ya san inda tsohuwar ta sauka, amma kowa ya ba da shawara ɗaya: gobe Alhamis, kasuwar Maigatari, a tambayi mai sayen azurfa. A shekarun nan ba Bafulatanar da ba ta bi ta gabansa ba.

Da yamma Rabi ta ce in nuna mata. Na kwance tsumman. Ta ɗaga jerin da yatsu biyu.

"Haba Binta! Haka za ki miƙa amana, baƙi ƙirin? Ke da naki suke walƙiya kamar madubi? Sai a ce kin jefar a ƙarƙashin gado kin manta."

Maganar ta soke ni, don a ƙarƙashin gadon suke. Da gaske sun yi duhu. Man shanun kitso da hayaƙin bukka sun cike duk zanen, har fuskar matar liyarin ba ta fita sosai, igiyar kuma ta yi danƙo. Na ga wannan ne kaɗai abin da ya rage in yi wa Hajo. Rabi ta kawo lemun tsami da toka da tsohon buroshi, na zauna bakin rariya na bi su ɗaya bayan ɗaya, har cikin kunnuwan, na ɗauraye da sabulu. Igiyar ta tsinke a wanki, muka jefa a murhu, Sabi'u ya murɗa sabon baƙin zare mai ƙarfi ya zura. Da na shanya su a kan faranti, hasken yamma ya faɗa musu, Rabi ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. Ban taɓa ganin liyari mai kyan wannan ba. Na kawar da kai na nemi tsari daga son abin wani.

Alhamis: Maigatari

Tun da duhu muka bi motar 'yan kasuwa. Kusa da gari shingaye suka yawaita. A wani, jami'i ya leƙo ya ce, "Hajiya, me aka ɗauko?" Na ce amanar marainiya ce. Ya dube ni, ya ce Allah Ya ba da lada, ya ɗaga mana hannu.

Maigatari ranar kasuwa ba a jin maganar na kusa. Raƙuma, shanu, manyan motoci, 'yan canji suna kiran sefa, mutanen Damagaram da rawunansu. Muka ratsa har wata 'yar rumfa inda wani mutum mai furfura ke zaune da ƙaramin ma'auni. A gabansa akwai tasa cike da kuɗin azurfa, kusan kowanne da kunnensa. Wasu da ragowar gashi a jiki. A bayansa maƙeri na hura wuta.

Shekara da shekaru ina neman irin waɗannan ɗaya-ɗaya, ga su yau tuli, amma ko hannu na kasa miƙawa. Kowanne daga kan wata aka kwance shi.

"Duk narkewa za su yi?" na tambaya.

"Zobe da awarwaro, Hajiya. Masu kawowa hatsi suke nema, ba tarihi ba." Ya ga ƙullin hannuna. "In sayarwa ne, ba wanda zai fi ni saye."

"Ba nawa ba ne."

Na gaya masa sunan Hajo. Ya ajiye ma'aunin. Ya ce ya san tsohuwar uwarta, watan jiya ta kawo masa 'yan kunnenta. Ya kwatanta wa ɗan acaɓa wurin, gabas da gari, kusa da wata rijiya mai tsamiya biyu. Har mun juya ya ce, "Hajiya, ki gaya mata ta ɓoye. Kada in gan su a tasar nan."

Bukka biyu ce kawai, da akuya uku. Tsohuwar na zaune tana sakar faifai, idonta ya yi fari. Na gaishe ta, na yi ta'aziyya, na ce ni ce ta Gumel.

"Baiwar Hajo?" in ji ta. "Ashe bayi na da alkawari."

Na sa mata jerin a hannu. Ta shafa su, ta tsaya a kan liyarin, ta ce na uwarta ne. Ta ɗauka surukinta ya sayar tun tuni, har ta riƙe shi a zuci. Ta yi ta neman gafarar Allah, ta yi ta sa mini albarka. Na isar mata da saƙon mai ma'auni, Sabi'u ya zama shaida cewa na Dija ne. Sannan ta ɗaga murya ta kira yarinyar.

Ba za ta wuce shekara bakwai ba, siririya, idanun Hajo sak. Da ta ji na wane ne, ta karɓa da hannu biyu. Na zuba ido in ga ta yi murna da walƙiyar. Ko kallonsu ba ta yi ba. Hanci ta kai su. Ta shinshina na farko, ta matsa na biyu, ta juya bayansa, ta bi zaren har ƙarshe, ta sake dawowa.

"Haka take," in ji tsohuwar. "Ɗankwalin uwar take kwana da shi a fuska. Yanzu ƙamshin ya fita, kullum sai ta yi kuka."

 Sabi'u ya sunkuyar da kai. An kawo fura, na kai baki don kada in ƙi. Da muka tashi, yarinyar ta biyo mu har wajen babur, ta ja gefen hijabina. Na sunkuya, ta yi mini magana a hankali.  Na dafa kanta kawai, muka tafi.

Gida

Ana kiran magariba muka shiga Gumel. Yara suka rufe ni, Malam ya ce alhamdu lillahi, nauyi ya sauka. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam, da Sabi'u da ya rufe shagonsa saboda ni, da Iya Ladi, da Rabi wadda alheri ta nufa, da mai ma'aunin Maigatari. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa Hajo a addu'a. Allah Ya yi mata rahama, Ya raya abin da ta bari.

Amana ta isa, ba ta narke ba, ko ƙwaya ba ta ɓata ba. Kowa ya ce na kyauta. Amma duk sanda na ɗaga hannu zan yi mata addu'a, muryar Dija nake ji, ba fushi a cikinta, tambaya ce kawai:

"Goggo, wa ya wanke su? Innata ba ta ciki kuma."