Uwais da Kwalba Biyu daga Gonar Inabi

To ai shi ne nake faɗa muku, kar wanda ya ƙara ce min Uwais shiru-shiru ne. Shiru-shirun me? Ni da nake shara da goge-goge a filin jirgin Hamad na Doha, a gaban idona aka zuge jakarsa. Amma bari in faro muku daga tushe, don in na fara da jakar za ku ce ɗan iska ne, kuma wallahi ba ɗan iska ba ne.

Uwais ɗan Gusau ne, dogo siriri, in mace ta gaishe shi takalminsa yake kallo. Ya zo Doha shekara ɗaya kafin korona, aka ba shi gadin wani gidan ajiye motoci mai hawa shida a unguwar Muntaza. Ni na haɗa shi da Haulat, 'yar baffana Malam Tanko, wanda ke limanci a masallacin unguwarmu can gida. Manya suka shiga maganar, aka sa rana: ana gama Kofin Duniya zai je gida a ɗaura. Auren nan shi ne komai nasa. Hoton Haulat ne a fuskar wayarsa, in tana magana ko tari ba ya yi.

Da korona ta shigo, ofisoshi suka rufe, ginin ya zama wayam. Wani Bature injiniya da ke ajiye mota a wurin, aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, sai ya bar wa Uwais kekensa. Ba irin keken kai kaya ba. Kansa lanƙwasasshe ne kamar ƙahon rago, tayoyinsa masu kauri da haƙora-haƙora. Baturen ya ce na hanyar tsakuwa ne, ya nuna masa bidiyon mutane suna tsere a kan tuddai, itatuwan inabi layi-layi hagu da dama. Uwais ya kalla sau ɗaya, shi ke nan, kansa ya tafi.

Matsalar, Doha ba ta da tudu. Shimfiɗe take kamar faranti. Sai bawan Allahn nan ya mayar da hanyar da motoci ke hawa bene ta zama dutsensa. Tunda ba mota ko ɗaya, da rana tsaka zai ɗora ƙafa a feda daga ƙasa har hawa na shida, ya gangaro, ya sake hawa, takunkumi a haɓa, gumi na ɗiga. Abokin gadinsa Moro, ɗan Zangon Kumasi, yana zaune a kujera yana dariya.

"Kai Uwais, wannan wando ne ko fenti aka shafa maka? Surukinka liman ya gani?"

"Moro, buɗe min ƙofar sama dai."

"Yalla, hau! In ka faɗo ni ba na ɗaukar gawa, ban karya ba."

Ranar Juma'a kuma, ranar hutunsa, yana idar da asuba zai fita bayan gari wajen Shahaniyya, inda gonaki da garken raƙuma suke, ya yi ta kirɓar tsakuwa har rana ta fara cizo, ya dawo ya yi wanka ya tafi masallaci. Shekara biyu cur yana wannan.

Ana saura wata biyu a fara ƙwallo, kamfaninsu ya ce duk mai son hutu ya ɗauka yanzu, kwana goma, don in baƙi suka fara sauka khalas, shi ke nan, ba mai motsawa. Kowa ya ɗauka Gusau zai nufa. Mutumin da ya shekara uku bai ga gida ba! Ina! Sai ya ce wai Jojiya za shi, akwai tseren keke a cikin gonakin inabi. Ni ban ma taɓa jin ƙasar ba. Ya kira Baffa da kansa, da ladabinsa, ya ce, "Baba, gonar inabi ce, ɗan itacen nan da Allah ya ambata a Alƙur'ani. In sha Allahu zan riƙo muku tsaraba." Baffa ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Yadda ya ba ni labari, ranar tseren bai taɓa jin daɗi irin nata ba. Tudun gaske ba irin na siminti ba ne, ba ya ƙarewa a hawa na shida. Yana hawa, cinyoyinsa na ƙuna, tsakuwa na tsalle tana dukan ƙarfen keken, ya zaci ya kai ƙarshe sai ya ga wani tudun a gaba. A wata gangara tayar baya ta zame, ya kife, gwiwarsa ta sale, ya tashi ya ci gaba. Iska mai sanyi, ƙanshin ƙasa, ga inabi baƙi nono-nono har yana taɓa kafaɗarsa. Ya tsinki ɗaya ya jefa a baki: ƙanana, ga ƙwallaye, ga bauri. Ya ce a ransa, to duk wannan uban inabin wa zai cinye shi? Nan ya kamata kansa ya kawo wuta. Bai kawo ba.

Bai zo na ɗaya ba, bai zo na ƙarshe ba. A wurin gamawa wani tsoho mai jan hanci ya rataya masa lambar yabo a wuya, ya miƙa masa kwalba doguwa baƙa. Ku tsaya ku ji. Mutumin nan a Doha bai taɓa ganin giya a kanti ba. Irin wannan kwalbar a kantunan nan lemon inabi ne, irin wanda ake fasawa a biki yana kumfa. Rubutun jikinta kuma wasu lanƙwasassun haruffa ne da ba boko ba, ba ajami ba. Sai ya ɗaga ta sama, haƙora talatin da biyu a waje, aka ɗauke shi hoto. Da hannunsa ya ɗora a sitatus. Ya rubuta: Alhamdulillahi. Bai tsaya nan ba, ya sayi ta biyu, wai ɗaya ta ranar walima, ɗaya ta Baffa.

Ranar da ya sauka ina aikin safe a wajen ɗaukar kaya. Na hango shi da ƙaton kwalin kekensa, zan ɗaga masa hannu ke nan sai na ga ma'aikacin kwastan ya yafito shi gefe. Aka buɗe jaka. Kwalba biyu, an naɗe su da rawanin da ya saya wa Baffa don kar su fashe. Rawani! Na liman!

Ma'aikacin ya ce masa wannan giya ce, ba a shigowa da ita.

Uwais ya ce, "La, la, ba giya ba ce, inabi ne. Lemo."

Mutumin ya juya kwalbar ya nuna masa wata 'yar lamba a ƙasa, mai nuna ƙarfin giyar da ke ciki. Na ga fuskar Uwais ta zube. Ya shiga goge tafin hannunsa a wando kamar ya taɓa kashi. Ba su wulaƙanta shi ba, sun karɓe kwalaben, sun rubuta, sun sallame shi. Ni ce na bi shi da sandar mofa a hannu.

"Uwais, kai wane irin sakarai ne? Gona guda ta giya ka je ka yi ta zagaye!"

"Wallahi Yaya ban sani ba. Ko buɗewa ban yi ba."

"Hoton fa?"

Sai a lokacin ya tuna. Kwana huɗu hoton na yawo. Wani ɗan unguwarmu da ya yi karatu a waje ya gane kwalbar, ya tura wa wani, wani ya tura wa ladanin masallacin Baffa.

Washegari da hantsi Baffa ya kira, Uwais ya sa a sifika, ni da Moro muna gefe. Baffa bai ɗaga murya ba.

"Ka sha?"

"Wallahi Baba ban sha ba."

"Na yarda. Wanda ya sha ba ya ɗora hoto ya gode wa Allah. Wauta ce, kuma wauta ana yafe ta. Abin da ya tsaya min daban ne. Shekara uku, aka ba ka kwana goma, ba ka zo ka ga mahaifiyarka ba, ba ka zo ka ga yarinyar da ke jiranka ba, ka tafi hawan keke. To ka sayar da shi, a ɗaura aure yadda aka sa. In ba haka ba, ka riƙe abinka."

Jama'a, wannan ai sauƙi ne ya zo har gida. Moro na ta yi masa alama da hannu, ka ce to, ka ce to. Sai Uwais ya ce:

"Baba, a ba ni kwana uku."

Na rantse sai da na zauna a ƙasa. Ashe Haulat na tsaye kusa da babanta, ta ji da kunnenta. Ba ta yi kuka a wayar ba. Cewa ta yi, "Baba, a ce masa ya riƙe kwana ukun, ya ƙara da sauran." Kafin sati an mayar wa iyayensa kayan sa rana.

Haka ya yi Kofin Duniya a tsaye a ƙofar ginin nan, motoci cike har hawa na shida, gari na ta ihu da tutoci, shi ya rame kamar an tsotse shi. Sai bayan an watse na iya tambayarsa abin da ya shiga kansa. Ya ce:

"Yaya, ranar Talata ce fa. Ni na riga na zaɓi Haulat tun kafin Baba ya rufe baki. So nake kawai in kai Juma'a, in hau shi sau ɗaya na ƙarshe."

"To me ya hana ka faɗi haka?"

"Kunya. Ta yaya zan ce wa Baba haka?"

Ya sayar da keken ranar Asabar ɗin, ba wanda ya sani. Yanzu kullum yana kiranta tana katsewa, ni kuma ya dame ni in sa baki, na rasa ta inda zan fara.

To ku, da ku ne Haulat, za ku ɗauki wayar?