Mota Mai Kujera Ɗaya

Mahaifina direban ma'aikatar gwamnati ne. Da ya yi ritaya, ya sayi motar da ya daɗe yana tuƙa manya a ciki, ya ajiye ta a ƙofar gidanmu a Unguwar Sarki. A ƙarƙashinta na koyi riƙe sifana. Bayan rasuwarsa 'yan'uwana suka ɗauki fili, ni na ɗauki motar. Na yi kanikanci har furfura ta fito mini, sabuwar mota ba ta taɓa burge ni ba.

Shekarar da likita ya ce hawan jinin ido ne ke cin ganina ta gefe, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba, a shekarar na ƙudura mayar da ita motar tsere. Samari kan haɗu ranar Lahadi da safe a wani fili bayan Rigasa, su jera tsofaffin tayoyi su yi ta zagayawa. Burina in zaga filin nan da hannuna kafin idon ya rufe.

Ba na aiki a hargitse. Da birki na fara. Sannan ƙafafun motar. Sannan na sauke injin, na wanke shi gunduwa-gunduwa, abin da ya ci na nemo madadinsa a kasuwar Panteka. Wani ƙarfen sai da na yi wata da watanni kafin in sami na asali.

Ƙanena, wanda muke gareji ɗaya da shi, ya ce, "Yaya, ka sa na kanti mana ka hau abarka. Ido ba ya jiran ƙarfe."

Na ce, "Ba a tsallake aiki."

Na ƙarshe shi ne rage nauyi. Na cire kujerar baya, na cire rufin ciki, na kwance ta gefen direba.

Ƙanena ya ce, "Ko ita ma? Ka bar wannan ɗayar dai."

"Wa zan ɗauka? Tasha za ni?"

Ya yi dariya, ya kinkime ta ya jefa a zaure. Ni kuma na gicciya bututun ƙarfe a gurbinta, na yi masa walda da jikin motar, don kada ta murƙushe ni idan ta kife.

Damina biyu aikin ya ci. Ranar da muka kai ta filin, samarin suka kewaye ta.

"Baba, wannan ai ta girmi kakata! Turawa za mu yi?"

Na tayar da ita, suka yi tsit.

Na zauna, na kama sitiyari. Abin da nake gani a gabana bai wuce faɗin faifai ba. Na sa giya ta ɗaya, na saki kulochi. Ban yi nisa ba na ji ƙarar taya a ƙarƙashina, sai salati daga hagu. Wani mai sayar da rake ne ya yi tsalle ya bar baronsa. Ban gan shi ba sam. Birkin ya kama yadda na gyara shi.

Ƙanena ya iso da gudu, ya dafa ƙofa yana haki.

"Yaya, sauko. Ni in tuƙa, kai ka zauna a gefe."

Ya leƙa ciki, ya ga bututun a gurbin kujerar.

Na fito na miƙa masa makulli. Wani ya riƙe hannuna ya kai ni gindin darbejiya. Daga nan na saurari zagayensa har ya gama. Injin bai yi tari ko sau ɗaya ba. Yana saurin canza giya ta uku, na kuma gaya masa da ya dawo.

Yanzu haske kaɗai nake bambancewa da duhu. Duk Lahadi yakan zo ya fita da ita. Kujerar tana nan a zaure inda ya jefa ta, an sa mata bulo a ƙasa don ta daina rawa. A kanta nake zama har in ji dawowarsu.